Tarihin Kano Bai Tsaya A Bakin Ganuwa Ba

A cikin watan Disamba na 2024 Hukumar Ilmi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNESCO, ta shigar da Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta amince gado ne na 'yan Adam baki ɗaya. Jama'ar Kano sun yi murna, kuma murnar ta dace, domin hawan nan shi ne babban abin da aka san birnin da shi a idon baƙi. To, amma duk wanda ya san tsarin hawan ya san ba a cikin birni kaɗai ake yin sa ba. A ranar Hawan Nassarawa, bayan Sarki ya kai ziyara Gidan Gwamnati, bisa al'ada yakan biyo ta Sabon Gari da Fagge kafin ya koma fada, mazauna unguwannin su fito bakin titi su yi gaisuwa. Ma'anar wannan zagaye a fili take, watau mutanen bayan ganuwa su ma jama'ar Sarki ne.

Abin da ya kamata a duba shi ne ko aikin adana tarihi a Jihar Kano yana bin sawun wannan zagaye. In an duba da kyau za a ga bai bi ba. Gidan Makama da ganuwa da ƙofofinta, da marinar Ƙofar Mata, da Dutsen Dala, su ne abubuwan da ake nuna wa baƙi da 'yan makaranta. A wajen birni kuwa, ginin da ya fi samun kulawa shi ne Gidan Ɗan Hausa, wanda gidan Bature ne, watau Hanns Vischer. Fagge da Sabon Gari, inda aka yi ciniki da siyasa da zaman cuɗanyar ƙabilu fiye da shekara ɗari, suna nan ba su da ɗakin tarihi da aka san su da shi, kuma tsofaffin gine-ginensu da dattawansu suna ƙarewa a kowace shekara.

Yadda Unguwannin Suka Samo Asali

Fagge ta girmi zuwan Turawa. Zango ce a bakin birni inda ayarin Azbinawa masu kawo gishiri da kanwa daga hamada suke sauke raƙumansu, su yi ciniki, su sayi hatsi da tufafi su koma. Bayan da Ingilishi suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka naɗa Sarki Abbas, sai al'amura suka sake. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga fasinja da kaya a 1912, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, fatauci ya juya daga hanyar hamada ya fuskanci bakin teku. Larabawan Tarabulus da Kwarori, watau mutanen Sham da Labanan, suka kafa kantuna da gidaje a Fagge ta Kudu. Daga nan sunan Kantin Kwari ya fito. Bayan dokar 1972 da ta mayar da wasu sana'o'i hannun 'yan ƙasa, 'yan kasuwar Kano suka ƙara shiga wurin da ƙarfi, har ya zama kasuwar atamfa da yadi da ake zuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru.

Sabon Gari kuwa a wajen 1913 aka yanka ta, domin ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da leburori da tsofaffin sojojin da suka biyo Turawa. A cikin mazaunanta na farko akwai Yarbawa da Nufawa da mutanen Saliyo da na Gwalkwas, watau Ghana ta yau, har da Hausawa da dama. Ibo sun ƙaru daga baya har suka zama masu rinjaye. Da fari unguwar tana ƙarƙashin Baturen da ke kula da gari ne, ba ta ƙarƙashin Sarki, sai a 1940 aka mayar da ita hannun Hukumar En'e ta Kano. Manufar Turawa ita ce su raba mazaunanta da mutanen birni, don kada ra'ayoyin 'yan Kudu masu ilmin boko su shiga cikin talakawan Sarki.

Sunayen titunan unguwar kansu littafi ne ga mai iya karantawa. Akwai titin Abeokuta da na Ijebu, akwai na Enugu da na Aba da na Warri, akwai na Freetown da na Gold Coast, kowane yana nuna inda wasu suka fito. Matasa da yawa suna zaton titin da ake kira France Road sunan ƙasar Faransa ya ci, alhali kuwa sunan wani mutumin Gwalkwas ne da ya shugabanci unguwar a zamanin Turawa, kamar yadda titin Ballat Hughes yake ɗauke da sunan wani ɗan Saliyo da shi ma ya yi wannan shugabanci. Ga misali ke nan na yadda tarihi yake ɓacewa mutane suna tafiya a kansa kullum.

Rabon da Turawa suka yi bai hana cuɗanya ba. A Sabon Gari ne aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, kuma cikin mutum takwas da suka kafa ta akwai Abba Maikwaru da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, tare da Bello Ijumu, Bayarabe daga ƙasar Kabba. Jaridar Comet ta Dakta Nnamdi Azikiwe, wadda ta koma Kano a 1949, ta zama bakin masu neman sauyi a lokacin da faɗin irin wannan magana a cikin birni yake jawo ɗauri. Saboda haka wanda zai ba da labarin siyasar talakawa a Arewa, wadda ake jingina ta ga Malam Aminu Kano, ba zai iya tsallake Sabon Gari da Fagge ba.

Abin Da Yake Salwanta

A yau unguwannin biyu suna cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum kusan 200,000, ban da ɗimbin jama'ar da ke shiga kasuwanninta da safe su fita da yamma. Kantin Kwari da kasuwar Singa da kasuwar Sabon Gari mai sunan Muhammadu Abubakar Rimi da Wapa ta 'yan canji duk a wannan yanki suke. Wannan arziki shi ne ya sa kowane taku na ƙasa ya yi tsada, har mai tsohon gida ya ga babu abin da ya fi masa riba sai ya rushe ya gina bene mai shaguna. Ba za a ga laifinsa ba, gama yana da iyali da zai ciyar, kuma babu wata doka ko wani tallafi da ya sa ya ga amfanin barin ginin kakansa a tsaye.

Ta haka ne gidajen ƙasa masu zaure na Fagge, da gidajen haya masu tsakar gida ɗaya na Sabon Gari, da kantunan Kwarori masu shago a gaba da gida a baya, suke ta raguwa. Gidajen sinima ma haka. An buɗe Rex a 1937, daga baya aka sami irin su Plaza da Wapa, amma a yau yawancinsu sunan ne kawai ya rage a bakin 'yan Adaidaita Sahu. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 an yi lissafin asararta da kaya da kuɗi, amma tsofaffin littattafan ciniki da rasiɗai da hotunan iyaye ba sa shiga irin wannan lissafi. Rigimar shagunan Filin Idi, waɗanda aka gina a zamanin wata gwamnati aka rushe a watan Yuni na 2023 a zamanin wata, har magana ta kai kotu, ta nuna cewa makomar wuraren tarihi tana sauyawa duk lokacin da mulki ya sauya hannu, domin babu wata tsayayyiyar ƙa'ida da kowa ya yarda da ita.

Asarar da ta fi wannan girma ita ce ta mutane. Wanda yake da shekara 15 lokacin da aka kafa NEPU ya haura 90 a yau. Waɗanda suka ga abin da ya faru a 1966 da idonsu sun tsufa. Dattijo in ya rasu ba a ɗauki maganarsa ba, abin da ya sani ya bi shi kabari ke nan.

Dalilin Da Ya Sa Abin Ya Zama Wajibi

Wani zai ce jama'a suna fama da tsadar abinci da rashin aikin yi, ina ruwansu da tsofaffin gine-gine. Amsa ita ce zaman lafiyar Kano yana rataye da irin labarin da 'ya'yanta suke ji game da juna. Tsakanin Fagge da Sabon Gari ne aka gwabza a rikicin watan Mayu na 1953. An zubar da jini a 1966, dubban Ibo suka bar garin. An sake yin tarzoma a watan Oktoba na 1991. A watan Maris na 2013 bom ya tashi a tashar motocin New Road ya hallaka matafiya. Waɗannan abubuwa iyaye suna ba 'ya'yansu labarinsu a ɗaki, kowane ɓangare da yadda yake faɗa, kuma galibi ɓarnar da aka yi masa kaɗai yake tunawa.

Akwai kuma labarin da ba a cika bayarwa ba. Akwai maƙwabtan da suka ɓoye maƙwabtansu a cikin gidajensu lokacin tashin hankali. Bayan da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, Ibo da yawa da suka dawo Kano sun tarar da gidajensu an riƙe musu amana, wasu har da kuɗin hayar da aka tara, abin da bai samu ga 'yan'uwansu ba a Fatakwal. Wannan abin alfahari ne ga Jihar Kano ta zamanin Gwamna Audu Bako da Sarki Ado Bayero, amma ɗalibai nawa ne suka taɓa jin sa a aji? In ba a rubuta alheri an adana shi ba, jita-jita ce take cike gurbinsa, ita kuwa jita-jita a wannan zamani na wayar hannu ba ta kwana a hanya.

Har wa yau akwai maganar baƙunta. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta shekara ɗari ba ta bushe ba ta zama ruwan gari. A cikin birni akwai Ayagi da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa da Dandalin Turawa, unguwannin da sunayensu suke shaida cewa kakannin mazaunansu daga wani wuri suka zo, ga shi kuwa yau ba mai ce musu baƙi. A Sabon Gari akwai iyalan da aka haifi kaka da uba da jika a nan, Hausarsu ta Kano ce, amma in an zo neman takardar shaidar ɗan jiha sai a tura su garin da ba su sani ba. Lalle akwai bambancin addini, akwai kuma al'adar mazauna unguwar da yawa ta gina gida da binne mamaci a garinsu na asali, waɗanda suka sa narkewar ba ta yi sauri ba. Duk da haka katangar farko Turawa ne suka gina ta, kuma sanin haka yana rage zargin juna.

Darasi Daga Wata Al'umma A Amurka

Ana iya koyon wani abu daga Chickasaw, ɗaya daga cikin al'ummomin da Turawa suka tarar a ƙasar Amurka. Asalin mazauninsu yana yankin da yau ake kira jihohin Misisipi da Alabama da Tenesi. Bayan dokar 1830 da ta ba gwamnati ikon tayar da 'yan asalin ƙasa, aka tilasta musu barin ƙasarsu, daga 1837 mutum kimanin 5,000 suka yi ƙaura zuwa yankin da ya zama Jihar Oklahoma. Sun kafa gwamnatinsu a garin Tishomingo da tsarin mulki na 1856, amma da Oklahoma ta zama jiha a 1907 sai aka karya ikon wannan gwamnati, aka rarraba ƙasarsu, makarantun kwana kuma suka hana yara magana da harshen iyayensu.

Farfaɗowarsu ta fara ne da taron jama'a a wani ƙaramin coci da ake kira Seeley Chapel a 1960, inda suka nemi a mayar musu da ikon zaɓen shugabansu. Sun yi zaɓen gwamna a 1971, suka rubuta sabon tsarin mulki a 1983. Wannan taro shi ne tushen babban taron shekara da bikin al'adu da suke yi a Tishomingo. Daga nan suka bi abin daki-daki. An buga ƙamus na harshensu a 1973, wani mafi girma a 1994. Sun kafa kamfanin ɗab'i nasu a 2006, don su rubuta tarihinsu da hannunsu. A 2007 suka buɗe shirin raya harshe, inda ake haɗa matashi da dattijo su riƙa zama tare suna magana. A 2010 suka buɗe babbar cibiyar al'adu a garin Sulphur, mai ɗakin adana takardu da hotuna da muryoyin dattawa.

Duk da wannan ƙoƙari sun makara a wani fanni. A ƙarshen 2013 Emily Dickerson ta rasu, ita ce ta ƙarshe da ba ta jin wani harshe sai nasu, kuma cikin al'ummar da ta haura mutum 70,000 waɗanda suka tashi da harshen a bakinsu ba su kai 100 ba. Tarihin nasu ma yana da ɗaci, domin sun tafi Oklahoma da bayi baƙar fata fiye da 1,000, kuma jikokin waɗannan bayi sun daɗe suna kukan an hana su zama 'yan al'ummar.

Ba kowane abu nasu ne zai yi daidai da Kano ba. Su al'umma ɗaya ce mai gwamnatinta, Fagge da Sabon Gari kuwa taron ƙabilu ne. Babban ɓangaren kuɗinsu daga gidajen caca yake fitowa, abin da addini da dokar Jihar Kano suka haramta. Harsunan Hausa da Ibo da Yarbanci kuma ba sa fuskantar mutuwa. Abin ɗauka a nan shi ne ba su tsaya ga rawa da ado na rana ɗaya ba. Sun kafa hukumomi masu ma'aikata, sun ware musu kaso daga ribar kasuwancinsu a kowace shekara, sa'an nan ba su jira wani ya zo daga waje ya yi musu ba.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Aikin ba daga tushe za a fara shi ba. Malaman jami'a sun riga sun share fage. Sabo Albasu ya rubuta tarihin Kwarori a Kano a 1995, Ahmed Bako ya rubuta na Sabon Gari a 2006, Rasheed Olaniyi ya rubuta na Yarbawan Kano a 2008. Akwai takardun zamanin Turawa a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, akwai na siyasar NEPU a Gidan Mambayya. Matsalar ita ce littattafan da Turanci suke, suna kan kanta a jami'a, telan Fagge da mai sayar da kayan mota a Sabon Gari ba su san da su ba. Ya kamata a taƙaita su a fassara da Hausa da Ibo da Yarbanci, musamman tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da mayar da darasin tarihi makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2022.

Na biyu, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jiha, tare da Ƙaramar Hukumar Fagge da hukumar tsara birane, su yi rajistar tsofaffin gine-ginen yankin, masallatai da coci-coci irin su Holy Trinity, da makarantu da kantuna da gidajen da aka yi wani abin tarihi a cikinsu. Kaɗan daga ciki a nemi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, ta ba su kariya, a kuma sassauta wa masu su haraji. Sauran kuwa a sa sharaɗi cewa ba za a ba da izinin rushewa ba sai an ɗauki hoto an auna an ajiye. Ma'aikatan ofisoshin ƙasa da safiyo da na haraji da na kotuna su sani cewa tsohon fayil da ke cin wuri a sito wata rana shi ne shaidar da masu bincike za su nema.

Na uku, a gaggauta ɗaukar muryoyin dattawa, maza da mata, na kowace ƙabila. Wannan aikin ɗalibai ne. Kowane ɗalibin tarihi ko na harsuna a Jami'ar Bayero da kwalejojin ilmi yana da wayar da za ta ɗauki magana, kuma yana da aikin binciken kammala karatu da zai rubuta. Abin da ya rage shi ne malamai su tsara tambayoyi, a nemi yardar masu magana, a tanadi wuri guda da za a ajiye abin da aka ɗauko.

Na huɗu shi ne kuɗi. Kasafin gwamnati yana hawa yana sauka, saboda haka ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Wapa, tare da shugabannin Ibo da Yarbawa da sauran al'ummomi, su ne suka fi dacewa su kafa asusu mai amintattu daga kowane ɓangare, wanda za a riƙa bayyana lissafinsa a fili. Ɗan abin da kowane shago zai bayar a shekara ya isa a sayi tsohon gida guda a mayar da shi ɗakin tarihi, a kafa alluna a tituna masu bayanin sunayensu. A cikin wannan ɗaki a nuna 1950 a nuna 1953, a nuna 1966 a nuna 1970, kada a ɓoye ko ɗaya.

Hana hawan Salla da 'yan sanda suka yi a 2024 da 2025 saboda rikicin sarauta ya nuna cewa ko al'adar da duniya ta shaida tana iya tsayawa in al'amura suka rikice. Ina ga tarihin da ba a rubuta ba, ba a kuma ɗora wa kowa alhakinsa ba? Dattawan da suka san yadda aka yi suna nan da sauran numfashi, gine-ginen ma ba su ƙare duka ba. Hukumomin da abin ya shafa da 'yan kasuwa da malaman makarantu su fara tun yanzu. Allah Ya zaunar da Kano lafiya, birni da waje.